Gani Ya Kori Ji: Kallon Bairos a Cikin Sel Mai Rai da Nauyin da ke Kan Manazarta Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ba zai rasa ganin Dutsen Kwatarkwashi ba. Mu manazarta Hausa mun san shi ta fuskar tarihi da al'ada: zaman Maguzawa, bikin baura da kamun maiki, da doguwar sarautar Mai Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar, wanda ya hau gadon mulki a 1961 ya rasu a 2022. Masanin ƙwari kuwa, idan ya hau dutsen bayan saukar ruwan farko, abin da zai ja idonsa daban ne, wato ƙananan ramukan da ruwan sama ke kwanciya a cikinsu. Irin waɗannan ramuka su ne makwancin sauron da ake kira Aedes vittatus, wanda aka yi nazarinsa a duwatsun Kaduna da na Filato, kuma yana cikin sauron da ke iya ɗaukar bairos ɗin shawara. A cikin gari kuma ɗan'uwansa Aedes aegypti yakan ƙyanƙyashe a randa da tulu da tsohuwar taya da gwangwani. Ƙwan waɗannan sauro yana jure fari na watanni, yana jiran damina.

Ra'ayin da wannan rubutu ke karewa shi ne: kalmomin da muke amfani da su a kan cututtukan da sauro ke yaɗawa sun gaza, kuma ba za mu gyara su daga kan tebur da ƙamusun Ingilishi a hannu ba. Masana kimiyya sun kai ga kallon bairos yana kama ƙwayar halitta tun tana da rai, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Wajibi ne mai ƙirƙirar kalma ya fara ganin abin da suke gani kafin ya raɗa masa suna.

Abin da ya Faru a Zamfara

A watan Satumba na 2017 aka tabbatar da cutar shawara a jikin wata yarinya a Ƙaramar Hukumar Ifelodun ta Jihar Kwara. Kafin shekarar ta ƙare an tabbatar da ita a wasu jihohi, har da Zamfara. Tabbatarwar ƙarshe a wancan lokaci ba a Gusau aka yi ta ba, ba kuma a Abuja ba. Sai da jini ya kai Cibiyar Pasteur da ke Dakar a Senegal. A ƙarshen Janairu na 2018 aka fara gagarumin rigakafi a jihohin Kogi da Kwara da Zamfara, ga 'yan wata 9 zuwa 'yan shekara 45. A ƙarshen 2023 kuma Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta sanar da ɓullar zazzaɓin dengi a Jihar Sakkwato, maƙwabciyarmu. Dengi da shawara 'yan gida ɗaya ne a dangin bairos, kuma sauro iri ɗaya ne ke ɗaukar su.

Zamfara ta riga ta san tsadar rashin sanin sunan ciwo. A 2010 yara ɗaruruwa suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana yi musu maganin zazzaɓi, sai da aka gwada jini a ɗakin bincike aka gane gubar dalma ce. Darasin bai tsaya ga likitoci ba. Ciwon da ba shi da sunan kansa a bakin jama'a, sunan wani ciwon yake ara, maganin wani kuma ake ba shi.

Kalmomi Huɗu da Suka Yi Mana Kaɗan

Ta farko ita ce "zazzaɓin cizon sauro". Mun ba maleriya wannan suna kacokan, alhali shawara da dengi su ma zazzaɓi ne, su ma cizon sauro ne ke kawo su. Uwa a Kwatarkwashi ko Bungudu ta kai ɗanta asibiti da masassara, a gwada a ce mata babu zazzaɓin cizon sauro, me za ta fahimta in ba cewa sauro ba shi da hannu ba? Sauron maleriya, wato Anopheles, da dare yake cizo, shi ya sa gidan sauro ke tare shi. Aedes aegypti kuwa da rana ya fi cizo, musamman da safe da yamma, kuma a cikin ruwan shan gida yake hayayyafa. Suna ɗaya ya rufe hanyoyin kariya biyu.

Ta biyu ita ce "shawara". Da ita muke kiran rawayar ido ko daga ina ta zo: ciwon hanta, ko fashewar jini ga mai amosanin jini, ko rawayar jarirai, ko wannan zazzaɓi mai kisa. A wurare da dama akwai imanin cewa shawara ba ta son allura, sai jiƙon rawaya da makamantansa. Idan mai shela ya zo yana kiran jama'a zuwa "allurar shawara", da wane kunne za a saurare shi? Ga shi kuwa cutar ba ta da maganin da ke kashe bairos ɗinta. Cikin waɗanda ta kai su mataki mai tsanani, kusan rabi ne ke mutuwa. Allura ɗaya tak kuma tana kare mutum tsawon rayuwarsa.

Ta uku ita ce "ƙwayar cuta", wadda muka ɗora wa bairos da bakteriya da ƙwaron maleriya gaba ɗaya. Ta huɗu ita ce "ƙwayar halitta", wadda wani marubuci zai nufi tubalin da aka gina jiki da shi, wani kuma ya nufi abin da ake gado daga iyaye. Wasu sukan ce "tantanin halitta", amma tantani fatar da ta lulluɓe tubalin ce, kuma muna buƙatar kalmar a wurinta. Saboda haka a nan zan ari "sel" da "bairos", aro na wucin gadi.

Ba laifin magabata ba ne. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, shekara biyar kafin a ɗauki hoton bairos na farko da madubin lantarki a Jamus. Laifin zai zama namu idan muka ci gaba da fassara abin da ba mu taɓa kallo ba.

Yadda Ake Kallon Bairos a Ɗakin Bincike

Tarihin wannan aiki ya ratsa ta Afirka ta Yamma. A 1927 masu binciken Gidauniyar Rockefeller, waɗanda ke da mazauni a Yaba ta Legas, suka ɗebi jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi, suka sa wa biri, suka tabbatar da cewa abin da ke kawo shawara ya fi bakteriya ƙanƙanta, har yana ratsa matacin da ke tare su. Asibi ya warke. Ɗaya daga cikin masu binciken, Adrian Stokes, ya kamu ya mutu a Legas a shekarar. Daga bairos ɗin jinin Asibi ne Max Theiler ya yi ta dashe a cikin naman ɗan tayin ɓera da na ɗan tsako, fiye da sau ɗari, har kaifinsa ya dushe, ya zama allurar 17D a 1937. Ita ce aka yi wa mutanen Zamfara a 2018. Theiler ya yi duk wannan ba tare da ya ga bairos ɗin ba. Ɓarnarsa kawai yake gani.

Mataki na farko a yau shi ne renon sel a faranti. Akwai zuriyar sel da ake kira Vero, wadda aka samo daga ƙodar wani birin Afirka a Japan a 1962, ana renon ta a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37. Akwai kuma C6/36, ta jikin tsutsar sauro, wadda ke son digiri 28. Idan aka zuba bairos a kan shimfiɗar sel, aka rufe da wani abu mai kauri don kada ya yi yawo, bayan 'yan kwanaki sai a ga tabo-tabo inda sel suka mutu. Kowane tabo daga ƙwaya ɗaya mai iya kamu ya faro, don haka ƙirga tabo ƙirga bairos ne. Renato Dulbecco ya tsara wannan hanya ga bairos ɗin dabbobi a 1952, kuma har yau da irinta ake tantance ko garkuwar da ke jinin majiyyaci ta shawara ce ko ta dengi.

Wannan hanya da ta rina sel da garkuwa mai ƙyalli suna da naƙasa ɗaya: sai an kashe sel, an sandarar da shi da sinadari, sannan a duba. Kamar wanda ya iso fagen dambe bayan an watse ne, ya ga sawu da jini, ya yi ta ƙiyasin yadda aka kara. Madubin lantarki ma haka yake. Da shi masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka nuna a 2009 yadda bairos ɗin dengi ke lotsa tantanin cikin sel ya mai da shi ƙananan aljihuna inda yake kwafar kansa, amma hoton tsayayye ne, na gawa.

Kallon mai rai yana da wuya saboda ƙanƙanta. Faɗin bairos ɗin shawara ko na dengi kimanin nanomita 50 ne, wato sai an jera dubu ashirin kafin su cika milimita ɗaya. Madubin haske na yau da kullum ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Dabarar da aka samo ita ce a sa bairos ya yi haske a cikin duhu. Mai tsaye a Gusau da dare ba zai ga siffar fitilar da aka kunna a kan dutse mai nisa ba, amma zai ga inda take da inda ta nufa.

Hanyoyi uku suka fi shahara. Ta farko, a shafa wa kitsen da ke lulluɓe da bairos rini mai ƙyalli, a sake shi a kan sel, a riƙa ɗaukar hoto a jere. Idan rinin ya cunkushe wuri ɗaya haskensa kan dushe. Da zarar fatar bairos ta narke cikin tantanin sel, rinin ya bazu, sai hasken ya tashi farat ɗaya. Da wannan dabara masu bincike na Jami'ar Groningen ta Holan tare da na Harvard suka bi ƙwayoyin dengi ɗaya bayan ɗaya a 2007 da 2008. Sun ga ƙwayar tana gangarawa a bayan sel har ta faɗa wani ɗan rami, ramin ya tsuke ya zama jaka, jakar ta nutsa ciki, cikinta ya yi tsami, sannan bairos ya narke ya saki kundin gadonsa. Sun kuma ga cewa cikin ƙwayoyi shida da suka manne, ɗaya ce ke kaiwa ga narkewa.

Ta biyu, a dasa wa bairos umarnin ƙera furotin mai koren haske, GFP, wanda Osamu Shimomura ya fara tsamowa daga wata halittar teku a 1962, aikin da ya kai shi da Martin Chalfie da Roger Tsien ga kyautar Nobel a 2008. Duk sel ɗin da bairos ya fara aiki a cikinsa sai ya yi kore, a ga koren yana tsallakawa daga sel zuwa maƙwabcinsa cikin sa'o'i. Abin da ya buɗe wannan ƙofa ga dangin shawara shi ne aikin Charles Rice, wanda ya karanta kundin gadon 17D gaba ɗaya a 1985, harufa kusan dubu goma sha ɗaya, ya kuma gina kwafinsa mai iya kamu a 1989.

Ta uku, a bar bairos yadda yake, a ɗana wa sel tarko: a ɗaure furotin mai haske da wata igiya wadda almakashin bairos kaɗai ke iya yankewa. Bairos na fara aiki sai igiyar ta tsinke, hasken ya ƙaura zuwa cibiyar sel. Amfanin wannan shi ne ana iya gwada bairos ɗin da aka samo daga majiyyaci ba tare da an sauya shi ba.

Abin da Wannan ke Koya wa Masanin Harshe

Hoto tsayayye suna yake nema. Hoto mai motsi aikatau yake nema. A nan ne Hausa take da arzikin da ba mu taɓa ba. Mun saba cewa "ƙwayar cuta ta shiga jiki". Amma wanda ya kalli abin da aka ɗauka a Groningen zai ga bairos ba ya kutsawa da ƙarfinsa. Sel ne ke haɗiye shi ta ƙofar da ya saba shigar da abincinsa. Bambancin "shiga" da "shigar da", wanda muke koya wa ɗalibai a tsarin aikatau na Parsons, shi ne ainihin bambancin da kimiyya ta gano. Haka wajen fita. Marubuci zai yi saurin cewa sel ya "fashe" bairos ya "watsu", alhali dangin shawara ta hanyar da sel ke fitar da kayansa suke bi, sel ɗin na raye yana ta "fitar da" su kafin ya mutu. Haka kuma "kamu" da "ɗauke da": hantar mutum kamuwa take yi, sel ɗinta su mutu, ido ya yi rawaya, sauro kuwa ɗauke da bairos yake har ƙarshen rayuwarsa, bayan ya yi kwanaki yana ratsawa daga cikinsa zuwa miyansa.

Manne, gangara, haɗiye, narke, kwance, kwafa, ninku, fitar: babu kalmar aro ko ɗaya a cikinsu, kuma tsohuwar da ke bakin rijiya a Kwatarkwashi ta san kowacce. Mun daɗe muna ɗaukar ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a matsayin farautar sunaye, a jera na Ingilishi a hagu, na Hausa a dama. Hanyar ta yi amfani a nahawu da adabi, kamar yadda ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na 1990 ya nuna, domin waɗanda suka yi shi sun san abin da suke raɗa wa suna ciki da bai. A kimiyyar bairos ba mu da wannan sani, shi ya sa muke fassara kalma maimakon fassara abu.

Hujjojin Masu Saɓani

Wani zai ce a ari kalmomin kawai a huta. Ba ni da ƙiyayya da aro. Hausa ta ari "allura" da "asibiti" da "likita" ta narkar da su, ni ma ga shi na ari biyu. Amma aro suna yake bayarwa, ba ya bayar da bayani. Faɗin "dengi" ba zai sa a rufe randa ba. Abin da zai sa shi ne jimlar da ta bayyana yadda abu ke faruwa, kuma jimla ba a aro ta.

Wani zai ce, yankin da manomi ke tsoron zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, asibiti ke fama da rashin wuta, ina shi ina madubin miliyoyi? Hujja ce mai nauyi, kuma ba ina kiran a kai irin wannan na'ura Bungudu ba. Bairos ɗin shawara na daji ma ba a taɓa shi sai a ɗakin bincike mai matakin tsaro na uku. Amma 17D, na allura, ana aiki da shi a mataki na biyu, kuma madubin ƙyalli matsakaici ya isa a ga sel yana yin kore. Fiye da haka, hotuna masu motsi na irin waɗannan gwaje-gwaje suna nan a intanet tare da maƙalun da aka buga, da yawansu kyauta. Abin da ake buƙata da farko ɗaki ne da allo da mutum biyu masu haƙuri da juna. Ƙari a kan haka, rashin tsaro da ke raba mutane da gidajensu, ya tara su inda ake adana ruwa a buɗaɗɗun mazubai, ya hana masu rigakafi isa ƙauyuka, shi ne ke ƙara wa maganar gaggawa.

Na uku zai ce gani ma yana yaudara. Gaskiya ne, kuma masu binciken sun fi kowa faɗin haka. Sel ɗin Vero ba ya iya ƙera sinadarin intaferon da jikinmu ke fara kare kansa da shi. C6/36 yana da rauni a garkuwar da sauro na gaske ke da ita. Hasken madubi yana gajiyar da sel idan ya daɗe, bairos kuma yakan yar da umarnin koren haske bayan 'yan zuriyoyi. Faranti ba hanta ba ce. Wannan ma darasi ne ga mai fassara: ya koyi inda zai ce "an ga" da inda zai ce "ana kyautata zato". Wanda bai shiga ɗakin bincike ba shi ne ke fassara kowace jimla ta kimiyya kamar hukuncin alƙali.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Ta farko, masu koyar da Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero su kafa zama na dindindin da takwarorinsu na nazarin ƙananan halittu, a kalli hotunan tare, masanin kimiyya ya yi bayani da Hausarsa ta gida, masanin harshe ya naɗa, ya tace. Ta biyu, a fara da raba gardamar kalmomin nan huɗu, musamman a sama wa shawarar sauro sunan da zai bambanta ta da sauran rawayar ido, a kuma daina mallaka wa maleriya cizon sauro ita kaɗai. Ta uku, duk abin da aka tsara a kai shi gwaji inda za a yi amfani da shi: wurin ungozoma da malamin asibiti da mai maganin gargajiya da mai shelar sarki, a Kwatarkwashi da Tsafe da Bungudu, inda sauro yake "sabro", zazzaɓi yake "masassara". Kalmar da ba ta tsallake wannan jarrabawa ba, a mayar da ita maƙera.

Mun rubuta kundaye masu yawa a kan Dutsen Kwatarkwashi, kuma sun cancanta. Ya rage mu ba ɗalibi guda aikin digiri a kan yadda za a faɗa wa mutanen da ke gindinsa, da harshensu, abin da ke ƙyanƙyashewa a ramukansa da randunansu idan damina ta faɗi, da abin da yake yi idan ya isa hanta.